Randar Ƙofar Gidanmu

Duk wanda ya tashi a Damagaram ya san darajar ruwa. Mun yi layi a bakin pampo har ƙafa ta sage, mun bi 'yan garuwa da lallashi. Amma ko a shekarar da pampo ya fi yin gardama, randar da Baba ya girke a ƙofar gidanmu ba ta taɓa ƙafewa ba. Sadakarsa ke nan. Mai kabu-kabu, mai turin kura, matan ƙauye da suka kawo gero kasuwa, kowa ya ɗebi moɗa ya sha ya wuce.

Ciwon sukari ya daɗe a jikinsa yana raina shi, shayinsa sai ya yi kauri kamar zuma. Sai da ƙafafu suka kumbura, takalmi ya ƙi shiga, muka kai shi asibiti. Bayan analiz, wato gwajin jini, likita ta ce ƙoda ta gaza. Ta kwatanta mini cewa sukarin ya yi ta cin jijiyoyinsa yadda tsatsa ke cin garwa, abin da jiki ke kare kansa da shi kuma ya yi ƙasa. Na ce to a ba shi zogale da zoɓo mana, ba an ce suna gyara jini ba? Ta ce wannan lokacin ya wuce, yanzu komai ya shiga cikinsa ba ya samun hanyar fita. Za a riƙa yi masa wankin ƙoda. Sannan ta ɗaga ɗan kofi ta nuna mini iyakar abin da zai sha a yini. Wallahi na zaci wasa take. A bazarar Damagaram?

Inna ta rasu, ni ce babba, sai aikin hana shi ruwa ya faɗo a kaina. Sunan mahaifiyarsa gare ni, Uwata yake ce mini, da sunan nan kuma yake roƙona. Leɓensa duk ya tsage. In jiƙa tsumma in goga masa, ya cafke tsumman da haƙori yana tsotsa. In ya zo alwala sai in tsaya a kansa in ga ya tofar da ruwan kurkurar baki. Mutumin da ya goya ni! In shige madafa in yi kukana, in fito da fuska a murtuke.

Goggo, ƙanwarsa, ta zo dubiya daga Zermu ta wanke ni tas. Wai ko maƙiyi ba a hana shi ruwa, boko ya cinye mini imani. Ina fita sayen magani ta cika masa ƙwarya. Na dawo na tarar da shi yana kokawa da numfashi, ido waje, ƙirji na gurnani. Da ƙyar aka ceto shi. Goggo ta koma Zermu ba mu yi sallama ba, ni ma ban nema ba.

Wata azahar na leƙa ɗakinsa babu kowa. A zaure na same shi, ya ja jiki har bakin randar, hannunsa a kan moɗa. Na fizge ta, na kai ɗakina na kulle. Bai yi mini faɗa ba. Muna nan sai ga mai kabu-kabu ya tsaya, ya buɗe randa, ya duba nan ya duba can, ya rufe ya ja babur ɗinsa.

Baba ya ce, “Uwata, ni likita ta hana. Shi wannan me ya yi miki?”

Na ce ina tsoro ne, Baba, ba ni da wani sai kai.

“Mayar musu. Na yi miki alkawari ba zan taɓa ba.”

Na mayar. Bai kuwa taɓa ba, ko sau ɗaya. Sai dai tun daga ranar ya ce a riƙa shimfiɗa masa tabarma a zaure. Nan yake yini, ni kuma ina laɓe a bayan ƙyaure, ban san addu'ar da zan yi ba. Duk wanda ya tsaya ya kafa kai a moɗa, Baba na kallonsa, maƙogwaron Baba na motsi tare da na mai shan har ya shanye.