Malam Bukar da Bangon Ɗakin Inna

Ina kan babur a hanyar Auyo da safen nan aka kira ni, wai Malam Bukar ya rasu. Sauka na yi na zauna a bakin wata gona. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ga wanda bai san shi ba, shi ya koya mini zanen 3D a ɗan shagonsa na Haɗeja. Ranar da babu wuta, laftof ɗinsa yake miƙo mini, ya koma gefe yana tsokanata wai ina riƙe linzamin kwamfuta kamar mai riƙe lauje.

Bara ambaliya ta cinye gidanmu na ƙauye. Inna ba ta yi kukan buhunan shinkafa ba, ɗakinta ta yi wa kuka. Da ma kafin ya faɗi na ɗauki hotunansa ta kowane ɓangare, sai na ƙudura in gina mata shi a kwamfuta ta sake ganinsa.

Manhajar ta fitar da bangon kamar ragar kamun kifi, ƙananan gidaje da muke kira fuskoki birjik, har kwamfutar tana nishi. Ni da gaggawata na zaɓe su duka, na haɗe su suka zama fuska guda. Bango ya fito sumul, ina ta ji da kaina.

Ranar Alhamis na kai wa Malam aikin. Ya kalla, ya kalle ni.

"Habu, wa ya yi yaɓen ɗakin nan?"

"Innata, Malam."

"To ina hannunta? Wannan ai bangon banki ne."

Ya mayar da aikin baya, ya fara bin fuskokin ɗaya bayan ɗaya. Waɗanda suke kwance daidai ya haɗe su, waɗanda suka ɗan lotsa ya ƙyale su. Tun azahar har la'asar, yana tari, bai ɗaga kai ba.

Wallahi ina kallo sawun yatsu huɗu ya fito a bangon, yana lanƙwasa. Ni da na girma a ɗakin ban taɓa lura da shi ba, shi kuwa a cikin ragar nan ya hango shi.

Ya miƙo mini laftof ɗin ya ce, "Jeka nuna mata. In ta ce ba ɗakinta ba ne, dawo mu sake."

Jiya na nuna wa Inna. Ta ɗora yatsunta a kan gilashin, sannan ta ce, "Da cikinka na yi yaɓen nan." Ta ce lallai in kai ta ta yi masa godiya da bakinta, muka sa yau bayan la'asar.

Za mu je ɗin, amma ta'aziyya za mu yi wa iyalinsa.

Allah Ya jiƙan Malam Bukar, Ya yalwata masa kabarinsa, Ya gina masa ɗaki a Aljanna. Duk wanda ya karanta wannan, don Allah ya tsaya ya yi masa addu'a kafin ya wuce.