Tagogin Makarantar Baba

Warin kashin awaki da ruwan sama ya jiƙa, in ya gauraya da ƙurar alli, ba abin marmari ba ne. Amma ni a cikinsa na tashi. Har yau, duk safiyar da na tura ƙofar aji ya bugi hancina, sai in ga kaina ƙaramar yarinya riƙe da tsintsiya, Baba na tsaye a bakin ƙofa yana jan tsaki. Zauna in ba ka labarin, don wanda ya fi ni sanin sa ya riga mu gidan gaskiya.

Baba shi ne hedimastan firamaren ƙauyenmu, can tsakanin Batsari da Safana, inda hanyar mota ke ƙarewa ta bar ka da turbar jakuna. Makarantar jeri ɗaya ce na azuzuwa, ginin bulo, rufin kwano. Gabanta na kallon hanya, bayanta gonar dawa ce. Akwai ƙofofi, akwai allo, amma tagogin ramuka ne kawai a jikin bango, ba ƙyaure ba ƙarfe. An ce wanda ya yi ginin ya tafi kawo ƙyamaren ne bai dawo ba. Kakata ta wajen uba, wadda bakinta ba ya ɓoye magana, takan ce a yi masa uzuri, yana hanya, jakinsa ne ya yi gardama.

Ramukan nan su suka hana Baba sakat. Ta nan awakin gari ke shiga su kwana, mu kuma mu wayi gari da shara. Sun taɓa cinye masa taswirar ƙasa da ya manna a bango, tun daga bakin teku har suka kusa isowa Katsina. Ta nan bencunan makaranta ke ficewa in ana suna ko ɗaurin aure a gari, wasu su dawo da ƙafa uku, wasu ko labarinsu. In damina ta kankama, hadari ya taso daga gabas, feshi ya shigo ya jiƙa mu da littattafanmu, dole a tashe mu. Mu yara murna muke yi, mu fita muna tsalle a cikin ruwa. Baba kuwa sai ya tsaya a baranda ya goya hannuwa a baya, ya ce yanzu haka yaron birni yana zaune a aji, kuma jarrabawa ɗaya za a ba mu da shi. Ranar karatu in ta faɗi, Baba jin ta yake kamar an yi masa rashi.

In an tashi makaranta, shi da malamansa sukan shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya. Ni ke kai musu ruwa da fura, don haka na san hirar tasu sarai. Albashi ya makara, alli ya ƙare sai an yi karo-karo, iskar bazara ta ɗage kwanon aji na ƙarshe. Kowa da kukansa. Amma duk inda hira ta zagaya, Baba sai ya dawo da ita kan taga. Ya taɓa zuwa kwas a birni ya ga wata makaranta da aka sa wa tagoginta sandunan ƙarfe, daga sama har ƙasa, kuma tun daga nan bai ƙara son komai kamar su ba. Kowace shekara Inna za ta wanke masa farar rigarsa, a kai wa mabugi, ya hau kekensa ya tafi ofishin ilimi. Da yamma ya dawo, rigar ta yi ja, ya jingine keke ya ce, “Sun ce babu a kasafin bana.”

Kaka ta ce, “Shi wannan kasafin, ran da ya shigo garin nan ku nuna mini shi, ina da magana da shi.”

Tunda bai samu ƙarfe ba, sai ya kafa doka. A makarantar Baba kana iya makara a yafe maka, kana iya zuwa ba fensir ya ciro nasa ya ba ka. Amma ka tsallake taga? Kai! Gara ka fasa allo.

Wanda dokar ta fara ci kuwa yayana ne, ɗan farin gidanmu. Ka san al'adarmu da ɗan fari: Baba bai taɓa kiran sunansa ba, daga “kai” sai “wancan”, kuma ba ya sake masa fuska a gaban mutane. Yayan nawa ga ƙiriniya, ga shi karatu bai dame shi ba. Wata rana da kaka, ana cirar gyaɗa, masu gonar da ke gefen makaranta suka hura wuta suna gasa ɗanya. Ƙamshin ya cika mana aji. Malam na juya baya zai yi rubutu, sai yayana ya dafa bango, fit, ya fice. Ashe Baba na zagayen bayan gini. A gabansa ya dira.

Aka kaɗa ƙararrawa aka tara makaranta duka a rana. Baba ya sa aka karyo tsumagiya. Ban taɓa ganin ya doki yaro kamar yadda ya doki ɗansa ran nan ba, kuma na san don kada a ce ya yi son kai ne. Da ya gama, yana haki, ya juyo gare mu ya ce, “Mutum ta ƙofa yake shiga, ta ƙofa yake fita. Taga ta iska ce, sai ɓarawo, sai akuya.”

Inna ita ma kunyar ɗan fari ta hana ta rarrashin yayana, sai dai na ga tuwon dare ya kama a tukunya. Kaka ce ta shafa masa man shanu a baya, ta kuma daina amsa gaisuwar Baba har sai da ya je ya durƙusa a ƙofar ɗakinta. Yayana ya lallaɓa ya gama firamare da ƙyar, ya tafi Batsari koyon walda. Daga nan tsakaninsa da Baba sai gaisuwa, ya zo da sallah ya tsuguna, a sa masa albarka, ya tashi.

Baba ya yi ritaya bai ga ƙarfensa ba. Ni kuma Allah ya nufa na yi karatun malanta na dawo wannan makarantar dai, na gaji alli, na gaji shara, na gaji tabarmar gindin darbejiya. Sai dai hirar ta canza. Da farko ana maganar albashi kamar da. Sannu a hankali aka koma maganar wa ya ga babura a bakin daji, wane ƙauye aka shiga, wane malami ya nemi a mayar da shi birni. Yau a buɗe, gobe a ce kowa ya zauna gida.

Ranar da abin ya iso kanmu, ƙarshen damina ne, dawa ta fi mutum tsayi. Da hantsi ne, ina koya wa 'yan aji biyu haɗa baƙaƙe. Muka ji rugugin babura da yawa, irin wanda ba na 'yan kasuwa ba, sai harbi daga yammacin gari. Ƙofar ajinmu hanya take kallo, ta nan kuma ƙarar ke tahowa. Wallahi ban ba da umarni ba. Yaran da kansu suka yi kan tagogi. Manyan suka dira, ƙananan na riƙa ɗaga su ina jefawa waje, ban san inda na samu ƙarfin ba. Muka kutsa cikin dawa muka kwanta rub da ciki, na toshe wa wata yarinya baki da mayafina, har la'asar. An kora shanu ran nan, an tafi da mutane, washegari aka yi jana'iza. Amma ko yaro ɗaya ba a samu a makaranta ba.

Aka rufe makarantar, wata daminar ta zo ta wuce tana rufe. Da yawanmu muka yi zaman gudun hijira a Batsari, a ɗakunan 'yan uwa. Da muka dawo, yaran da na bari suna karanta jimla sun manta baƙi. Wasu sun shiga tallan rake, wasu sun bi iyayensu gaba, ba su dawo ba har yau. Na tuna Baba a baranda yana baƙin cikin rana ɗaya da ruwa ya cinye. Allah Sarki.

Sai ga 'yan kwangila da motocin yashi. Iska ta riga ta kwashe kwanon tsohon gini, don haka aka rushe shi, aka tada sabo a gurbinsa, da fenti, da ƙofar ƙarfe. Kowace taga kuma an dasa mata sanduna masu kauri, daga sama har ƙasa, ko kyanwa sai ta yi dabara. Abin nema ya samu. Aka ɗauko Baba a kan babur, lokacin ya tsufa, idonsa ya yi rauni, yana dogara sanda. Ya kama ƙarfen nan da hannu biyu ya girgiza, bai motsa ba. Na ga hawaye na bin gemunsa yana cewa alhamdu lillahi, ya gani da ransa. Ni kuwa ranar da muka dira ta tagogi nake tunawa, amma na kasa ɓata masa wannan rana.

Aka buɗe makaranta, aka kaɗa ƙararrawa, yara ba su zo ba. Na bi gida gida. Wata uwa tana sussuka, ko tsayawa ba ta yi ba, ta ce, “Malama, ran nan ta ina ɗana ya fita?” Na juya na fito, don ta san na sani.

Muka zauna a gindin darbejiya, malamai duka. Kowa ya san abin da ya kamata, ba mai son furtawa. Sabon hedimasta yaro ne mai kirki, kuma tsoronsa na gaskiya ne. Ginin hukuma ne, ko fentinsa bai gama bushewa ba. In ya taɓa shi, aikinsa ne a bakin wuƙa, ga iyali. In ya nemi izini, kafin amsa ta zo zango ya ƙare, ga 'yan aji shida jarrabawa na ƙaratowa. Muka tashi ba mu yanke komai ba, kwanaki kuma suna ta zubewa.

Da abin ya ishe ni, na same Baba bayan la'asar yana zaune a zaure na faɗa masa duka. Na yi zaton zai yi faɗa. Bai yi ba. Da safe ya ce in riƙe masa hannu mu je. Ya shiga ajina ya ce in rufe ƙofar, na rufe. Ya daɗe tsaye a tsakiyar ɗakin. Sannan ya lallaba har bakin tagar baya, ya kama sandunan, yana fuskantar gona.

Ya ce, “Ta nan suka fita?”

Na ce, “Ta nan, Baba.”

“Dukansu?”

“Dukansu.”

Ya sunkuyar da kai har goshinsa ya taɓa ƙarfen. Can ya ce, “Aika a kira mini wancan. Ya taho da zarto.” Da hedimasta ya ji labari ya zo ya fara kame-kame, Baba ya ce, “Ɗana, in an tambaye ka, ka ce ni na sa. Ni ba ni da aikin da za a kore ni.”

Yayana ya zo a motar kasuwa, magidanci da furfura a gemu. Ya tsuguna ya gaida Baba, aka nuna masa tagogin baya, masu kallon gona, ya kama aiki. Baba ya sa aka ajiye masa benci a cikin ajin, ya zauna yana sauraron zarto. Duk sandar da ta faɗi ƙasa sai na ga ya runtse ido. Bai tashi ba har aka gama. Ƙarar ta jawo yara, iyayensu mata suka biyo su suka tsaya daga nesa.

Baba ya ce a shigo da yaran. Sabuwar tagar ta fi tsohuwar tsayi, ƙananan suka leƙa suka ja da baya. Sai Baba ya juya wajen da yayana yake, bai dube shi ba, ya ce, “Kai ka fi kowa iya abin. Nuna musu.”

Yayana ya tsaya da zarto a hannu. Ya ce, a hankali, “Baba, ba bulala?”

Baba ya ce, “Babu.”

Ya ajiye zarton, ya dafa bango, ya dira. Yara suka fashe da dariya, mu manya ba wanda ya iya. Baba ya miƙe ya fita ta ƙofa, ya zagaya bayan gini, ya jingine sandarsa, ya tsaya ƙarƙashin tagar kusa da ɗansa ya buɗe hannuwa. Ina miƙo ƙananan, su biyun suna karɓa. Yana ce musu su lanƙwasa gwiwa in za su dira, su shige cikin dawa, kada wanda ya koma ɗaukar takalmi. Washegari aji ya cika.

Baba ya rasu da bazarar da ta biyo baya, yayana ne ya yi masa wanka. Jami'an ofishin ilimi sun zo sun ga tagogin, aka nuna musu sandunan a jingine a ofis, suka dubi gonar, suka dube mu, suka tafi. Har yau ba a dawo da maganar ba.

Yanzu duk ranar farko ta zango, kafin in rubuta komai a allo, taga nake fara koya wa yara. Ni da aka raine ni a kan cewa mutum ta ƙofa yake fita. Ban san ranar da za mu daina ba, kuma ina roƙon Allah ya nuna wa yaran nan zamanin da za a sake zane yaro don ya tsallake taga. Awaki sun dawo, ba su ɓata lokaci ba, kullum sai na tarar da aikinsu a ƙasan bencina. Ina sharewa, kuma ban ƙara jan tsaki ba. Inda akuya ta shiga, yaro zai iya fita.