Wandon Azariya a Bencin Baya

Joanna, wadda ake kira Maman Luke, manomiyar citta ce a wani ƙauye kusa da Kagoma. Da mijinta Azariya ya rasu, bai bar mata komai ba sai gona, tsohon babur da wanduna uku. Ta koyi tuƙin da kanta, tana kai citta Kafanchan. Wata rana bakin zanenta ya shige tayar baya, babur ya tuɓe ta tas a gaban masu doya, ya bar ta da ɗan fatari. Tana komawa gida ta buɗe akwatin marigayi, ta zura wandonsa, ta ɗaure ƙugu da igiya. Ita da zane kuma shi ke nan, har majami'a.

To, ita ce mai kaɗa tulun kiɗa a Zumuntar Mata ta majami'arsu, shekara goma sha tara ba fashi, kuma duk duniya ba abin da take so kamar tulun nan. Mama Faustina, shugabar zumunta, ta kira ta gefe.

"Maman Luke, mace da wando a gaban bagadi? Ko ki ɗaura zane, ko ki ajiye tulu."

"Mama, zane ya riga ya tona mini asiri sau ɗaya. Wandon nan bai taɓa ba."

Aka sa ta a horo, wato zaman bencin baya, aka miƙa tulun ga wata 'yar zumunta, Martha. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, ta yi kukanta a gona inda ba mai gani. Amma ran Lahadi ta zo da wandon, ta ma goge shi har da kari.

Martha baiwar Allah tana da ƙoƙari, sai dai hannunta da waƙa ba sa ga maciji. Mata suna baiti na biyu, ita tana can tana neman na farko. Joanna ta daure, ta cije, daga baya hannu ya ƙi jin magana, ta fara dukan benci. Nan take waƙa ta miƙe. Mata suka riƙa rawa suna karkato kunne baya. Lahadi ta uku, rabin zumunta sun juya wa fasto ƙeya suna kallon mai horo.

Ana cikin waƙar baiko, lokacin tara sadaka, Mama Faustina ta karɓe tulun daga hannun Martha, ta ratsa majami'a da shi har bencin baya. Ta dire shi, ta miƙa wa Joanna sabon zanen zumunta, ta ce ƙasa-ƙasa, "Don Allah ko a cinya ki rufa, dattawa suna kallona."

Joanna ta karɓa hannu biyu, ta yi godiya. Ta naɗe zanen ta yi gammo, ta ɗora tulu a kai, ta soma kiɗa. Mama Faustina ta buɗe baki za ta yi magana, sai ta ji ƙafarta ta riga ta fara taka rawa.