Dokar Sallama a Garin da Muka Gina Cikin Waya

Shagona yana bakin titin da ya ratsa Magama ta Jibiya ya nufi shingen iyakar Nijar, kayan gyaran mota nake sayarwa. Da aka rufe iyakar, manyan motoci suka jeru a gefen titi har tayoyinsu suka sace, direbobi suka shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashinsu, ni kuma na koma zaman kashe wando. Rashin ciniki ya dame ni, amma abin da ya fi ci mini rai shi ne Yayarmu, 'yar farin mahaifiyarmu Hajiya, wadda ke aure a Maraɗi. A da takan zo mana da hantsi, ta yi wa kowa faɗa, ta koma kafin magariba. Yanzu sai dai murya a waya.

Ƙanenmu ne ya kawo wasan. Wata duniya ce cikin waya, daji da duwatsu da ruwa, kowa da ɗan mutum-mutuminsa. Kana haƙa ƙasa, ka sare itace, ka jera tubali ka yi gida, ka yi noma, ka kiwata tumaki. Ya buɗe mana tamu mu kaɗai, ba mai shiga sai ɗan gida. Don yara ya yi, na Jibiya da na Maraɗi, don kada su manta juna. Manya suka fara leƙawa wai don su sa ido a kan yara, daga nan ba su sake fita ba. Ni na rantse ba za a ga mai gemu kamata yana wasan yara ba. Ba a daɗe ba aka ji ni ina ɗaga murya a kan iyakar gonar alkama wadda ko akuya ba za ta iya ci ba.

Inda mutane suka taru kuwa sai an yi rigima. Yara suka riƙa yanka tumakin juna, wani ya kunna wuta kusa da rumbu ya ƙone rabin unguwa. Sai muka kafa majalisa. Kowace Juma'a, bayan an sauko daga masallaci an ci abinci, za a haɗa kiran murya, kowa ya shiga wasan, mu taru a ƙarƙashin wata bishiya a tsakiyar garin. Kowane gida murya ɗaya gare shi. Ƙanenmu muka naɗa Mai Gari tunda mabuɗin duniyar yana hannunsa, amma muka hana shi yin doka shi kaɗai. Wanda ya sare itace zai dasa wani. Wanda ya yanka tunkiyar da ba tasa ba zai yi aikin ganuwa har majalisa ta ce ya isa. Wata rana wani yaronmu ya kawo shawara cikin raha, wai a kafa shinge tsakanin unguwar 'yan Jibiya da ta 'yan Maraɗi, shi ya zama duwan, wato ɗan kwastan, ya riƙa bincikar kaya. Ba wanda ya yi dariya. Yaya ta ce wanda muke da shi ya ishe mu, aka wuce maganar.

Dokar sallama ita ta kawo ta, kuma a kaina ta kawo ta. Na ga gidanta ya fi na kowa tsari, sai na tura ƙofa na shiga kallo. Tana shigowa wasan ta tarar da ni tsaye a tsakar ɗakinta.

"Kai, gidan mahaukaciya ka samu?" ta ce. "Haka Hajiya ta koya maka? Hita ka yi sallama!"

Na ce ai tubalin waya ne. Ta ce ko na hayaƙi ne, gidanta ne. Ranar Juma'a ta kai maganar majalisa: ba mai shiga gidan wani sai ya yi sallama an amsa masa, in ba a amsa ba ya juya. Kowa ya yarda, har da ni, don ba a ja da Yaya a kwana lafiya. A zaman nan ne kuma Mai Gari ya ƙara wata, cewa ba a soke doka ko a taɓa ta sai wanda ya kawo ta yana zaune, domin warware maganar babba a bayan idonsa rashin kunya ne. Muka ce madalla. Mu a tunaninmu rashin zuwa majalisa bai wuce rashin caji ko rashin sabis ba.

Ciwon Yaya bai daɗe ba. Da safe aka kira mu aka ce ta rasu. Na hau babur ta hanyar daji, kafin in isa an kai ta makwancinta. Hajiya kuwa gwiwoyinta ba za su iya wannan hanya ba, sai ta zauna a Jibiya tana karɓar gaisuwa. Ba ta yi kuka a gaban mutane ba, ta riƙe kunyar 'yar fari har a ranar. Yaya ta bar 'ya ɗaya, budurwa mai shiru-shiru wadda ke gab da gama sakandare. Bayan an share makoki aka raba kayan ɗakin yadda shari'a ta ce, aka kwashe gado da kwanuka da labule, yarinyar kuma aka mayar da ita gidan gwaggonta. Ɗakin da ta tashi a ciki ya zama wurin ajiye buhuna.

Na daɗe ban buɗe wasan ba. Ranar da na buɗe, da la'asar a shago, garin shiru, alkama ta nuna ba mai girbi. Sai na hango mutum-mutumin yarinyar tsaye a ƙofar gidan uwarta. Rubutu ya fito a gefen allon: Salamu alaikum. Ta tsaya. Ta sake rubutawa, ta sake tsayawa, sannan ta juya ta fita daga wasan. Ƙofar nan ta katako ce, ba kwaɗo ba sakata, taɓawa ɗaya za ta buɗe. Da na ga abin ya maimaitu a wasu ranakun, sai na kira ta.

"Ki shiga mana," na ce. "Gidan uwarki ne."

"Ba a amsa ba, Kawu."

"Wa zai amsa? Wasa ne fa!"

"Na sani wasa ne," ta ce a hankali. "Amma Mama ta sa dokar, kuma munka yarda. Shi kaɗai ne ɗakin da ta gyara da hannunta wanda ba a taɓa ba. In na shiga bisa ƙarya, mi ya rage?"

Raina ya ɓaci, ba da ita ba, da mu da muka ɗaure kanmu da igiyar da muka tufka. Ni mutum ne mai son a yanke magana a wuce. Amma na ƙyale ta, domin na san tana son shiga ɗakin nan fiye da yadda take son abinci.

Ranar Juma'a muka zauna majalisa, karon farko tun rasuwar. Ina zaune a tsakar gida kusa da tabarmar Hajiya, na saki muryar wayar. Na ce a soke dokar. Mai Gari ya ce ba dama, mai dokar ba ta zaune. Na ce to a soke wadda ta hana sokewar, ai shi ya kawo ta, ga shi kuma a raye. Ya ce zai iya, amma duk mun san don mu zagaya ta bayan Yaya za mu yi haka, shi kuwa bakinsa ba zai iya ba. Wani ya ce gidan ai ya zama gado, magaji kuma ba ya sallama a gidansa. Yarinyar ta ce tunda ta yi wayo ba ta taɓa shiga ɗakin uwarta ba sallama ba, ba za ta fara yanzu ba. Na ɗaga murya na ce wace irin majalisa ce wannan da za ta bar marainiya tsaye a ƙofa.

Hajiya ba ta taɓa kallon wasan nan ba, shirme take kiransa. Ashe duk tana ji. Ta ajiye carbinta ta miƙo hannu.

"Ba ni nan," ta ce. Ta kara bakinta kusa da wayar. "Kai Mai Gari, ana ba tsofaffi magana a garin naku?"

"Hajiya, ai ba ki da gida a garin," in ji shi.

"Duk gidajen naku daga cikina suka fito. Ku saurara. Ba wanda zai taɓa maganar da ta bari. Ta ce a yi sallama, za a yi. Ta ce a jira amsa, za a jira. Amma tun da nake, in baƙo ya yi sallama ɗiya ba ta nan, uwa ke amsawa. In kun yarda, ni zan amsa mata."

Mai Gari ya bi gida-gida yana tambaya, kamar yadda muka saba. Kowa ya ce ya yarda. Daga ƙarshe ya zo kan yarinyar. Ita ma ta ce ta yarda.

Muka taka gaba ɗaya zuwa ƙofar, muka tsaya nesa kaɗan. Wannan karon ba ta rubuta ba, da baki ta yi.

"Salamu alaikum."

"Wa alaikumus salam," in ji Hajiya. "Shigo, ɗiyata."

Ƙofar ta buɗe, ta shiga, ta rufe. Ba mu ga cikin ɗakin ba, kukanta kawai muke ji ta wayar, mu ma kowa yana nasa a inda yake. Na yi baƙin ciki a ranar fiye da ranar da na tsaya a bakin kabarin.

Hajiya ta riƙe wayar tana kallon ƙofar katakon nan. Ba ta je gidan 'yarta gaisuwa ba, ba ta ga ɗakin ba kafin a kwashe shi. Can ta yi magana ƙasa-ƙasa, ba da kowa take ba, amma wayar ta ɗauka.

"Ni kuma wa zai amsa mini?"

Kukan da ke cikin wayar ya tsagaita.

"Ki yi sallama, Kaka," in ji yarinyar. "Ina ciki."

Hajiya ta gyara mayafinta kamar mai shirin shiga gidan mutane, ta yi sallama, aka amsa mata. Na kama babban yatsanta na ɗora a kan gilashin, na nuna mata inda ake dannawa a yi gaba.