Ranar da na faɗo daga mota a hanyar Shasha

Shekarun baya, lokacin ban cika wata biyar a Ibadan ba, na yi wani abu da har yau in na tuna sai gabana ya faɗi. Tun da kuna yawan tambayata yadda aka yi na iya Yarabanci haka, bari in ba ku labarin ranar da ta sa na zauna na koya.

Ni haifaffiyar Damagaram ce. Maigidana ɗinkin surfani yake yi a Sabo, ya bar ni wajen mahaifiyata har 'yarmu ta shekara biyu, sannan ya samu ɗaki ya je ya ɗauko mu. A cikin Sabo ban taɓa jin ni baƙuwa ba ce. Hausa ake yi, ga kiran salla ta ko'ina, ga mai fura a bakin layi. Amma da zarar na taka zuwa Mokola sai in koma kurma. Ba Yarabanci, ba Turanci, ɗan Faransancin da na tsinta a lakwal, wato makarantar boko, kuwa ba wanda zai saya ko a kyauta.

Cefanena duk da yatsa nake yi. In nuna abu, mai kaya ta yi magana, in gyaɗa kai kamar na gane. Akwai ranar da na sayo kwano biyu na wani gari ina murna na samu garin dawa. Da na tuƙa sai ya fito baƙi ƙirin, yana danƙo. Na zauna a gaban tukunya ina tunanin ko guba aka sayar mini, har maƙwabciyata ta leƙo ta yi dariya ta ce garin doya ne, amala na tuƙa ban sani ba.

Ita wannan maƙwabciyar a Sabo aka haife ta, Yarabanci a bakinta kamar ruwa. Daga ranar ta zama ita ke raka ni kasuwa. Kullum in za mu fita sai ta ce, “Kada ki bari a gane ke baƙuwa ce. In an yi miki magana ba ki gane ba, ki ɗaure fuska ki yi shiru.” Ita don kada a tsawwala mini farashi take faɗa. Ni kuwa na ɗauki maganar na haɗa ta da hirar da matan gidanmu ke yi in ana tsinkar alayyafo, ta motocin da ke ɗaukar fasinja ba a sake jin ɗuriyarsu. Kowacce tana da wata da ta san wata da abin ya faru da ita. Ina jin su, ina ajiyewa a ciki.

Ana saura kwana huɗu ƙaramar Salla maƙwabciyata ta tafi Ilori biki. Maigidana kuwa ɗinki ya yi masa yawa, ko buɗa-baki a shago yake yi. Yarinyata ba ta da takalmin Salla, ni ma ina son babbar tukunya. Na ce a raina sau uku ana kai ni kasuwar Dugbe, me zai gagare ni? Na goya ta da hantsi na fita. Wayata tana kan gado a mace, kwana biyu ba a kawo wuta ba. Ban gaya wa kowa inda za ni ba, don ina son in dawo in ba maigidana mamaki.

Zuwa lafiya lau. Na samu takalmi ja mai ƙyalli, na sa mata a ƙafa nan take saboda ta ƙi yarda a cire. Na sayi tukunya, na zuba tattasai da tumatir a ciki. Har wani taku nake yi na wadda ta san gari.

A bakin titi wata ƙaramar motar haya ta tsaya, direban yana kiran sunayen wurare da sauri. Na sunkuya na ce “Sabo” can ƙasa-ƙasa, don kada a ji harshena. Ya yi mini alama in shiga. Dattijo-dattijo ne, siriri, da tsage a kumatu. Na matsu a baya tsakanin mata biyu da wani mutum, yarinya a cinya, tukunya a ƙafa.

Alamata ɗaya ce, shataletalen Mokola. In na gan shi in sauka in ƙarasa gida da ƙafa. Abin da ban sani ba, motar da za ta wuce gaba ba ta bi ta ƙasa, gada take hawa. Muka hau muka sauka ina ta jiran shataletale. Sai na fara ganin gine-ginen da ban taɓa gani ba.

Can ya tsaya a wata mahaɗa mai cunkoso, ya juyo ya kalle ni ya ce, “Sango.” Ashe abin da kunnensa ya ji na faɗa ke nan. Na duba waje, ban ga komai da na sani ba. Ya sake magana. Na ɗaure fuska na yi shiru, kamar yadda aka koya mini. Fasinjoji suka fara tsaki, sai ya ja mota.

Mutane suna sauka ɗaya bayan ɗaya, wasu na shiga, ni ina nan kamar an dasa ni. Yarinya ta yi barci a ƙirjina, zufa ta jiƙa hijabina. Duk tsayawar da ya yi sai in ce yanzu zan buɗe baki, sai in ga idanun mutane, in haɗiye. Har muka kai wata babbar tasha, wadda daga baya na san Ojoo ce, kowa ya fita. Saura ni da shi.

Ya kashe mota ya juyo gaba ɗaya. Ya yi Yarabanci, ya yi Turanci, ya yi da hannu. Ni dai hawaye ne suka fara zuba. Ya daɗe yana kallon yarinyar. Wannan kallon shi ya ƙarasa ni. Sai ya ɗauko waya ya kira wani, yana magana yana waiwayena. A duk abin da ya faɗa kalma biyu na tsinta, “Hausa” da “omo”, na kuma san omo yaro ne. Na ce shi ke nan, ciniki ake yi a kanmu.

Ya ta da mota. A lokacin bakina ya buɗe, na ce, “Sabo, Sabo, don Allah Sabo.” Ya ɗaga hannu yana cewa, “Shasha, Shasha.” Ban taɓa jin sunan ba. Ya bar babban titi ya shiga wata hanya mai ramuka. Ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina, wata ma ba ta wurin ba ce, har ta shiga banɗaki na karanta. Na tuna mahaifiyata, yadda za a je a gaya mata an neme mu an rasa, ba gawa ba labari. Na tuna ban gaya wa kowa inda na tafi ba.

Da ya rage gudu zai shiga wani rami, na rungume yarinyar da hannu ɗaya, na buɗe ƙofa na faɗa waje.

A kan gwiwa da kafaɗa na sauka. Allah ya tsare, yarinyar a kaina ta faɗo, ko ƙwarzane ba ta yi ba, amma ta tsala ihu. Tukunya ta biyo mu tana ƙara, tumatir ya watse a titi. Direban ya taka birki ya fito a guje ya nufo mu, ni kuwa na ja da baya ina kururuwa, ina ƙanƙame 'yata.

Abin da mutanen bakin hanya suka gani ke nan: mace da goyo ta faɗo daga mota, namiji ya biyo ta, tana gudunsa. Kafin in miƙe an kewaye mu. Masu okada, masu faci, mata masu talla. Wata ta ɗaga ni tana tambayata, ba na ganewa, sai nuna shi nake yi ina kuka. Wani ya shaƙe masa wuyan riga. Yana ƙoƙarin bayani aka kwaɗa masa mari, wani ya kawo masa duka ta baya. Na ga hularsa a ƙasa ana takawa. Na ga wani saurayi ya ɗauko katako. Jini ya fara bin gefen idonsa.

Sai na ji Hausa. Wani mutum mai furfura, rigarsa duk ɓawon albasa, ya kutsa cikin taron yana haki. Ya shiga tsakaninsu da direban ya buɗe hannuwa, ya yi musu magana da Yarabanci da ƙarfi, sannan ya juyo wurina.

“Baiwar Allah, ke ce wadda ta ɓata?”

Na gyaɗa kai.

“Ni ya kira. Albasa nake sayarwa a nan Shasha, ga kasuwar can, ba nisa. Shekara da shekaru yana ɗaukar mini kaya. Ya ce ya ɗauko wata Bahausa da yarinya, ba ta san inda za ta ba, ba ta jin Yarabanci, yana tsoron ya sauke ta a tasha wani abu ya same ta. Na ce ya kawo ki. Na fito bakin hanya ina jiranku na ji hayaniya.”

Na zauna a ƙasa.

Ya ce, “Ki saurare ni da kyau. Ni ba za su yarda da ni ba, cewa suke bakinmu ɗaya. Ke za su ji. Ya taɓa ki? Ya yi miki wani abu?”

A nan ne wurin da ban cika son faɗa ba. Ban amsa nan take ba. Na kalli fuskokin nan, na kalli katakon, wani tunani ya zo mini: in na ce bai yi komai ba, wa za su juya wa? Ni ce baƙuwa, ni ce na tara su a banza, ko takardata ta shigowa ƙasa ba ta jikina. Ban san tsawon shirun ba. Wataƙila numfashi uku ne. Amma a cikinsa an ƙara kai wa mutumin nan naushi a baki, ina gani.

“Yi magana, 'yata,” in ji mai albasa. “Kashe shi za su yi.”

Na ce, “Bai yi mini komai ba, Baba. Ni ce na ji tsoro. Ni na buɗe ƙofar.”

“Ɗaga murya. Ki yi da hannu su gani.”

Na miƙe, gwiwata na jini, na shiga gaban direban ina girgiza kai ina kaɗa hannu, ina ta maimaita “ba shi da laifi” da Hausar da ba wanda ke ji. Mai albasa yana fassarawa. A hankali aka sake shi. Wasu suka yi tsaki suka watse, wata mata ta zazzaga mini faɗa tana nuna ni da yatsa, ban buƙaci tafinta ba. Saurayin nan ya jefar da katakonsa ya hau babur kamar ba abin da ya faru.

Direban ya zauna a bakin kwalbati yana tofar da jini. Da ya tashi ya ɗauki hularsa, ya ga takalmin yarinyar ƙafa ɗaya a ƙarƙashin mota, ya sunkuya ya ciro ya miƙa wa mai albasa. Bai kalle ni ba. Ya shiga motarsa ya tafi.

Mai albasa ya kai ni rumfarsa, aka wanke mini ciwo, ya bar kasuwarsa ya rako ni har ƙofar gida. Maigidana da ya ji labari bai yi faɗa ba, zama ya yi a bakin gado ya riƙe kai. Da ya yi faɗan ma da ya fi mini sauƙi.

Bayan Salla muka koma Shasha ni da maigidana, aka kira direban. Ya zo da ɗinki a gira, haƙorinsa ɗaya na gaba babu. Na durƙusa har ƙasa na ba shi haƙuri, mai albasa yana mayar masa. Ya ce in tashi. Ya ce shi ma yana da 'ya mace tana aure a Kwatano, bai san wa zai tsince ta ba ran da ta ɓata. Ya ce ya yafe. Amma da mai albasa ya tambaye shi cikin wasa ko zai sake taimakon wani baƙo, bai yi dariya ba. Ya ce zai sauke shi a tasha.

A satin na sa maƙwabciyata ta fara koya mini Yarabanci, kalma biyar kullum, in na manta ta hana ni aron turmi. Yau ni nake raka sababbin zuwa kasuwa, abu na farko da nake gaya musu shi ne in sun ɓata su buɗe baki su ce sun ɓata.

Mutane in sun ji labarin nan, faɗowar daga mota suke riƙewa, su ce uwa ce, kowa ma haka zai yi. Wataƙila. Ni ba ita ke damuna ba, lokacin ban san gaskiya ba. Abin da ke dawo mini shi ne ɗan shirun nan bayan na riga na sani. A cikinsa haƙorin ya fita.