Madatan Da Na Tuɓe

Kakata Tumba ba ta koya wa jikokinta abu ɗaya gaba ɗaya. A Horo Birni, bayan magariba, in ta zauna bakin murhu sai ta raba mu. Ƙanana ta ba su magarya da aduwa da tsamiya, su tsotsa su faɗi sunan itacen. Mu 'yan shekara bakwai zuwa goma mu ke da tatsuniya. Wanda ya isa riƙe gatari kuwa, daji take kai shi, ta nuna masa da hannu.

Tamu ta itaciyar madaci ce. Wani maharbi, uwarsa na ciwon ciki, ya roƙi itaciyar magani. Ta ce ya yanki rigarta, wato ɓawonta, gefe guda, ya shafe wurin da laka. Uwar ta warke. Sai ya dawo da buhu, ya tuɓe rigar duka. Damina ta sauka, kowa ya yi kore ban da itaciyar.

Na tambayi abin da ya sami maharbin.

"Babu abin da yas same shi, angona," in ji ta. "Ɗiyanai na sunka yi ciwo, ba magani."

Da na kai sha uku ta kira ni daji. Na ce na wuce bin tsohuwa. Ta sake kira sau biyu, ta bari. Kafin damina ta rasu.

Da na girma na shiga kai wa masu magani ɓawo a kasuwar Shagari. Madatan bakin fadamarmu na bi ɗaya bayan ɗaya, ina sassaƙe su zagaye don ya fi sauri. Laka ban taɓa shafawa ba. Na ɗauka tatsuniya ce ta tsorata yara. Abin da za ta nuna mini a daji, cewa ran itace a ƙarƙashin ɓawonsa yake bi, sai da suka bushe a tsaye na gane shi. Masu gawayi suka ƙarasa su. Allah Ya yafe mini.

Bara malamar firamare ta roƙe ni in kai 'yan aji shida daji, wai an ce ba wanda ya kai ni sanin madaci. Kututture kawai na nuna musu. Wata yarinya ta ce, "Baba, yaya ganyensa yake?"

Na tsuguna zan zana mata a ƙasa. Sai na tarar ban taɓa ɗaga kai na dube shi ba.