Fikof Ɗin da Kawu Ya Ƙwato

Jiya ina canza tsirkiyar jitata, idona ya faɗa kan busasshen jini a gefen fikof, maganaɗisun da ke ɗauko muryar tsirkiya. Jinin marigayi kawuna ne, mai gyaran rediyo a Gwarzo. Shi ya zaɓar min shi.

"Fikof mai naɗin waya biyu gurnani yake, mai ɗaya yanka yake kamar aska," in ji shi. "A tsakiyar kiɗan kalangu, aska kake buƙata."

Ranar wani gangamin siyasa a Garo, muna cikin kiɗa, 'yan daba suka afka mana da gora, suka ragargaza tsohuwar jitata. Kawu ya kutsa cikinsu, suka fasa masa kai. Ya fito jina-jina, fikof ɗin damƙe a hannunsa.

"Katako suka kashe, ɗana. Ga muryar."

Ba zan goge jinin ba. Allah Ya haskaka kabarinka, Kawu.